Farar Ƙusa

A bayan ɗakin ƙira na sashen injiniya akwai wani fili da ɗalibai suke kira maƙabarta. Nan ake jefa duk abin da 'yan ajin ƙarshe suka ƙera bayan an ba su maki: injin niƙa da bai taɓa ganin hatsi ba, famfon da bai taɓa ɗago ruwa ba, keken guragu da ciyawa ta tsiro ta tsakanin tayoyinsa. Kowa ya san ƙa'idar ko da ba a rubuta ta ba. Abin da ka ƙera ya daure ya rayu har malamai su tashi daga kujerunsu, bayan nan kuwa Allah ya ji ƙansa.

Auta ce kaɗai ta ce nata ba zai je maƙabarta ba, gida zai je.

Babanta tela ne, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye yana kan keken ɗinki. Tun daga nan Mama ce ke ɗaga shi, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ita da ba ta kai rabinsa ba. Yayyen Auta maza duk sun yi nisa wajen neman abinci, sai gaisuwa ta waya. Gadon bayan Mama ya fara lanƙwasa, tana tafiya tana dafe ƙugu. Baba kuwa duk lokacin da za a ɗaga shi sai ya runtse ido, kuma Auta ta san ba ciwo ne ke sa shi ba, kunya ce.

Saboda haka da aka ce kowane rukuni ya zaɓi abin da zai ƙera da hannunsa, ba ta yi dogon tunani ba. Ta zana injin ɗaga marar lafiya: ƙafafu na ƙarfe a kan tayoyi, sanda a tsaye, hannu mai tsawo da ke miƙewa bisa gado, shimfiɗar tamfol da mutum zai zauna a ciki, sai mariƙi da ake juyawa igiya ta naɗe. Su uku ne a rukunin. Ita ce mai lissafi, Dogo ne mai walda da fenti, na ukun kuwa sunansa kawai aka taɓa gani. Dogo yaro ne mai kirki da zafin nama, sai dai abu in yana ƙyalli ya gama da shi.

Duk nauyin injin a wuri guda yake taruwa, inda hannun ya haɗu da sandar. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da wurin, mai kaurin babban yatsa. Auta ta yi lissafinta har ta gaji, lissafin ya ce ba kowane ƙarfe zai ɗauka ba, sai ƙarfen da aka gasa ya yi tauri. Irin wannan baƙar ƙusar ba a samunta a kasuwa, sai a siton sashen. Aro ake ba ɗalibai, kuma al'adar wurin ita ce ba a sakin sakamakon mutum sai ya mayar da duk abin da ya ara. Wannan bai taɓa damun kowa ba, don ba a tambayar mamaci da wace ƙusa aka binne shi.

Ranar gwaji Mama ta zo da mayafinta na unguwa, ta zauna a bayan aji. Malamin da ke duba aikin, wanda ɗalibai suke kira Malam Hau-mu-gani, bai yarda da buhunan yashi ba. Dokarsa ita ce wanda ya ƙera abu shi zai fara hawa. Auta ta zauna a tamfol, Dogo ya ɗaga ta. Sannan Malam da kansa ya shiga da tumbinsa, ya ce a kira uwar ta juya mariƙin. Mama ta juya da hannu ɗaya, ga Malam yana lilo a sama yana gyara tabarau, aji ya kaure da tafi. Mama ta goge ido da gefen mayafi. Gani ya kori ji, ta yarda da injin nan har cikin ranta.

Washegari Auta tana da wata jarrabawar, don haka Dogo ne ya ɗora injin a motar kaya ya kai gidan da safe. Da yamma ta je sito mayar da ma'auni da tabarau na walda. Tana tsaye a layi tana hamma, idonta ya sauka kan teburin mai sito. Ga guduma, ga zarto, ga wata baƙar ƙusa a gefe, kanta da ɗigon shuɗin fenti, irin fentin da Dogo ya shafe injinsu da shi.

Nan take ta gane ta. Ta waiga, Dogo na bayanta yana danna waya.

"Dogo, waccan ƙusar ta wa ce?"

"Tamu ce mana. Na mayar tun da safe, kar a riƙe mana sakamako."

"To me ke jikin injin?"

Ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ba yaro ba ne. Ya tsaya a kasuwa ya sayi wata, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, ta shiga ramin daram. Har ma ta fi waccan kyau, in ji shi, fara ce tas, tana ƙyalli.

Auta ba ta tsaya zaginsa ba. Ita ta yi lissafin nan, ta san abin da farar ƙusar kasuwa take yi idan nauyi ya hau ta. Ba ta karyewa nan take. Takan lanƙwashe a hankali, ta tsage daga ciki inda ido ba ya gani, ta bar mutum ya saki jiki, sannan ta rabu biyu ba sallama. Ta kuma san lokacin da Mama ke yi wa Baba wanka, da yamma idan rana ta yi sanyi. Ta dubi ƙofa, inuwar ginin ta riga ta rufe maƙabarta.

Ta kira Mama, waya ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira. Ta san inda wayar take, a kan akwatin talabijin, ƙarƙashin ƙyallen da Mama ke rufe ta da shi don ƙura. Ta kira maƙwabciyarsu, aka ce layin a kashe yake. Ta miƙa hannu za ta ɗauki baƙar ƙusar, mai sito ya dafe ta, ya ce abin da ya shigo sito ba ya fita sai da sa hannun shugaban sashe, shugaban sashe kuwa ya tashi. Ba ta tsaya roƙo ba. Ta zubar da kayan hannunta a teburin ta fita da gudu, Dogo yana kiran sunanta a baya.

Bas ɗin da ta samu irin wanda ke tsayawa ne a kowace kwana, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran fasinjan da bai ma fito daga gida ba. Sauri ya haifi nawa. Tana zaune a matse tsakanin wata mata mai kwando da wani dattijo mai barci. Ba abin da take gani sai simintin ɗakinsu, wanda Baba ya sa aka goge shi sumul lokacin yana da lafiya. Mutum mai hannu biyu in ya faɗi yakan tare da hannu. Baba da me zai tare? Ta tuna likita ya ce a kiyaye kansa da ƙugunsa, faɗuwa ɗaya ta isa. Ta tuna kuma ita ce ta ce wa Mama, a gaban mutane, ta daina wahalar da bayanta, wannan injin ko saniya zai ɗaga.

Da motoci suka cunkushe a mararraba ta sauka, ta tare mai babur. Ta ce ya yi sauri, ya ce shi ma yana da iyali. Ta sake kiran wayar Mama a kan babur ɗin, iska na kaɗa mata mayafi, tana addu'ar da ita kanta ba ta san farkonta da ƙarshenta ba. Abu ɗaya take roƙo, Allah ya sa Mama ta ji tsoron injin, ta jira ta.

Tun daga ƙofar gida ta jiyo wani sauti da ta daɗe ba ta ji ba, har ta tsaya cak. Dariyar Baba ce. Ta karkace, ta ɓari ɗaya take fita, amma ita ce.

Ta ɗaga labule. Baba yana sama, tsakanin gado da kujera, daidai ƙirjin mutum, ɗaure da zanen wanka. An gama wankan ke nan, ana mayar da shi. Kuma ba a zaune yake shiru kamar buhun yashi ba. Yana tokarar gefen gado da ƙafarsa mai lafiya, yana lilo gaba da baya kamar yaro, Mama na riƙe da mariƙi tana ce masa tsofai-tsofai da shi bai ji kunya ba. Duk lissafin da Auta ta yi na nauyin da ke zaune ne. Ba ta taɓa lissafa farin ciki ba.

Idonta ya tafi kan mahaɗar. Hannun injin ya sunkuya, ba yadda ta zana shi ba. Kan farar ƙusar ya karkace yana kallon rufi, kuma duk lilo ɗaya sai ta ji wani ɗan ƙara siriri, ƙis, ƙis.

Ihu ya taso mata har maƙogwaro ta haɗiye shi. In ta yi ihu Baba zai zabura, Mama za ta saki mariƙi, fizga ɗaya kuwa ita ƙusar take jira. Ta cire takalmi, ta shiga da murmushin da ba ta san inda ta samo shi ba.

"Baba, sannu da hutawa. Ɗan tsaya haka, kada ka motsa, ina so in duba wani abu. Mama, riƙe shi yadda yake."

Mama ta dubi fuskarta sau ɗaya, dariyar ta ɗauke. Uwa ba ta bukatar a yi mata bayani.

Tun da Auta ta girma ba ta taɓa ko riƙe hannun Baba ba, gaisuwa daga nesa take yi, a durƙushe. Yau ta sunkuya ta shiga ƙarƙashinsa, ta kafa ƙafafu, ta tura kafaɗunta da bayanta cikin tamfol ɗin da ke jiƙe da ruwan wanka, ta ɗago har ta ji nauyin ya bar ƙarfe ya dawo kanta. Numfashinta ya tsaya. Ashe wannan ne Mama ke ɗauka kullum, ba mai tafa mata, ba mai ba ta maki.

"Mama, sauke. A hankali. Ja kujerar da ƙafarki."

Igiya ta riƙa warwarewa, Auta tana yin ƙasa tare da shi kaɗan-kaɗan, ruwa na bin wuyanta. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ta dai ji kujera ta yi ƙara, nauyin ya bar ta, ta zame ta zauna a siminti tana haki.

Da ƙafafunta suka dawo, ta ɗauko filaya a akwatin keken ɗinkin Baba. Sai da ta yi da gaske ƙusar ta fito. Ta lanƙwashe kamar ƙugiya, kuma a cikin lanƙwasar ga tsaga ta ci fiye da rabi. Ta danna da yatsa biyu kawai, ƙusar ta rabu a tafin hannunta. Ta yi maza ta dunƙule hannun. Sannan ta kwance mariƙin injin gaba ɗaya ta jefa a jakarta, don kada wani ya taɓa shi kafin ta samo baƙar ƙusa, ko da za ta kwana a ƙofar shugaban sashe. Mama na kallonta, ta kai hannu ta dafe ƙugu.

Baba bai ga ƙusar ba, amma ya ga mariƙin ya shiga jaka, ya kuma ga jikin 'yarsa yana ɓari. Ya miƙo hannunsa na hagu ya dafa kanta. Magana tana yi masa wuya, sai ya tattaro ta ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, tsoron me kike ji? Ni ban ji ba. Ko ido ban rufe ba." Ya huta, ya ja numfashi. "Ai ke kika yi shi."

Ta so ta bar hannun a dunƙule, ya ci gaba da dariyarsa. Amma gobe ma shi zai hau, da jibi, kuma da wannan yardar zai hau. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta buɗe tafin hannunta a gabansa, guntayen ƙarfen biyu suna ƙyalli.

"Ni na yi shi, Baba," ta ce. "Shi ya sa."