Ƙeyar Na Tara

Ƙa'idar faɗa a kamfanin fim ɗinmu na Kowloon ba ta da wuya. Jarumi ya tsaya a tsakiya, mu yaran mugu goma sha biyu mu kewaye shi muna zagaye, muna karkaɗa hannu muna zare ido, sannan mu riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya yana kashe mu. Duk wanda ya tsallake layi, Sifu Pang mai tsara faɗa zai kore shi ko shinkafar rana bai ci ba. Ni ne na takwas. Na mutu sau ɗari uku da 'yan kai, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa sa ni na maimaita mutuwa ba.

Na tara shi ne Sit Kam-fai. Matsalarsa ita ce jarumanmu ba sa kashe fiye da mutum takwas. Da na faɗi sai babban mugu ya diro daga rufin ɗaki, sauran su watse. Shekara ashirin da biyu Kam-fai yana zagaye, ko mari bai taɓa samu ba, kuma ko ta ina ya biyo, ƙeyarsa kyamara ke kamawa.

Ran nan muna cin shinkafa da gasasshiyar agwagwa a bayan fadar katako ta fim, sai ya ajiye tsinkayen cin abincinsa.

"Yaya Takwas, ara mini mutuwarka ta jibi."

"Laima ce da za a ara maka?"

"A-ma, mahaifiyata, ta shiga shekara tamanin da ɗaya. Duk fim ɗin da muka yi sai ta je silima, ta dawo ba ta ce komai ba. Ina so ta ga fuskata sau ɗaya kafin ta tafi."

Na ji haushi, don mutuwar jibin mai kyau ce, har da karya tebur. Amma tausayi ya rinjaye ni, na kai shi wurin Sifu.

Sifu ya dube shi sama da ƙasa. "Ka iya mutuwa?"

"Na sha gani, Sifu."

"Gani ba ci ba. Takwas, koya masa. In ya ɓata mini tebur, ku biyun za ku koma jan wayar da ake ɗaga 'yan wasa sama da ita."

Kwana biyu ina fama da shi: yadda ake cizon ƙullin jan ruwa mai kama da jini a baki, yadda ake duban ƙirji da mamaki, yadda ake faɗuwa ba a kare fuska ba. Ranar aiki aka manna masa gashin baki da gira mai kauri, ya shiga gurbina, na koma nasa.

Mutum bakwai suka mutu lafiya. Sifu ya ce, "Takwas!" Kam-fai ya kurma ihu, ya ɗaga dunƙule, ya tafi gefe. Ya zagaye jarumin tsaf ya dawo inda ya tashi. Aka sake, ya sake. Zuciyarsa tana son shiga, ƙafafun ne ba su san gaba ba. Aka ja masa layi da alli har gaban jarumin, ya zagaye layin. Aka ajiye kwanon taliya a bayan jarumin ko yunwa za ta ja shi, ya haɗa su duka ya zagaye. Jarumin, wani yaro mai man gashi, har ya fara yanke farce.

"Ku ɗaura masa waya a ƙugu," in ji Sifu.

Ƙarti shida suka ja. Kam-fai ya taho ta sama kamar buhun shinkafa da aka wurgo daga jirgi, fuskarsa ta cika kyamara, ya sha ƙafa a ƙirji, tebur ya rabe biyu. Ya mutu mutuwar da ta sa ni kishi. Da aka miƙa masa jar ambulan da ake ba duk wanda ya yi gawa don korar baƙin jini, ya rungume ta yana kuka.

Da fim ya fito, muka ɗauki tsohuwar zuwa silima a Mong Kok, muka sa ta a tsakiya da ƙullinta na soyayyun 'ya'yan kankana. Faɗan na farawa ta daina tauna, ta miƙa wuya, yatsanta yana bin 'yan zagaye. Fuskar Kam-fai ta cika allo. Tsohuwar ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, ta yi tsaki.

A waje ta kama hannunsa. "Kam-fai, sun kore ka ne?"

"A-ma, ai ni ne..."

"Kada ka ɓoye mini. Na bi ƙeyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, babu taka. Shekara ashirin da biyu ina zuwa, a yi ta kashe 'ya'yan mutane, nawa kuwa kullum da ƙafarsa yake fita. Don shi nake biyan tikiti." Ta share ido da bakin riga. "Wancan mai gashin bakin da aka jefa kan tebur, bawan Allah. Ko uwarsa ta gani?"

Kam-fai ya dubi hannunta a cikin nasa.

"Ba ta gani ba, A-ma."