Shafukan da Ta Lanƙwasa

Littafin baƙi ne, a bangonsa an zana wani mutum mai fukafukai riƙe da hannun wata mace a bakin rami. Mai gyaran agogo ya ajiye shi a teburinsa tsakanin ƙananan kusoshi, ya maƙala gilashin aiki a ido, ya shiga bin shafukan da matarsa ta lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da uku ne.

Shekara goma sha tara da aurensu, ba abin da take karantawa sai littattafan soyayya na ban dariya, irin waɗanda saurayi zai je zance ya zauna a kan kwanon miya. Takan biyo shi har bakin banɗaki tana karanta masa, dariya na neman shiƙe ta. Amma tun da autarsu ta tafi makarantar kwana ta koma wa waɗannan baƙaƙen, na sarakunan aljanu da ƙasashen da rana ba ta fitowa, kuma shiru take karanta su. Shirun nan ne ya hana bawan Allah sakat. A ransa ya gama yanke hukunci: ta gaji da shi, da tumbinsa da warin man agogo, ta koma neman abin da ta rasa a jikin takarda.

Shi ya sa ya sato littafin da safe. Mutum ne da ya saba gane ciwon agogo daga inda haƙorin ƙarfensa ya cinye, ya ɗauka lanƙwasar za ta nuna masa abin da zuciyarta ke so. Ina! Wata a tsakiyar yaƙi, wata a inda ake ɗaure doki, wata ma jimlar ba ta ƙare ba. Da azahar ya rufe shago, ya nufi wurin matar da ke ba da hayar littattafai a ƙarshen layi.

Shagonta bai fi faɗin ƙofa biyu ba, littattafai har rufi, ita kuma tana zaune tana manne wani bango da ya yage. Ta dubi littafin, ta dube shi.

"Au, kai ne mijin mai lalata mini kaya?"

Ya zauna a kan benci kamar wanda ya zo ganin likita. "Hajiya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Me mata ke nema a cikin wannan abin?"

"Abin da suke nema a na dariyar. Wancan tun shafin farko ka san aure za su yi, kana bi ne kawai ka ga shirmen da za su tafka kafin su gane. Wannan kuwa tsoro ne mai bango biyu, in ka rufe ya zauna a ciki. Dodon da duk duniya ke gudu ya zo gaban mace ɗaya ya rasa inda zai sa hannunsa. Ka san ba zai cinye ta ba, amma sai gabanka ya faɗi."

"Ni dai ba ni da fukafukai," in ji shi a hankali. Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi.

Sai a lokacin ta gane abin da ya kawo shi. Ta ajiye gam, ta karɓi littafin, ta buɗe wata lanƙwasa.

"Ka ga nan? Gada ta karye, matar labarin tana rataye da hannu ɗaya. Ba wadda ta taɓa tsayawa a nan, akwai wadda ta ƙona tukunya biyu a wannan babin. Kwana biyu ake dawo mini da shi, matarka yau sati uku. Na yi mata faɗa, ta ce ba laifinta ba ne. Wai da ta ji ƙarar makullanka a ƙofa sai ta lanƙwasa ta tashi, don kada labarin masu kawo maka matattun agogo ya wuce ta. Aljani zai jira, in ji ta."

Ya daɗe yana kallon shafin. "To me ya sa ta daina karanta mini?"

"Malam, a babi na biyu ake sare kan mutum. Ta ce kai ko yankan kaza ba ka iya kallo."

Wannan gaskiya ne. Ya jingina da kantar littattafai. Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi.

"Kuma ka saya mata abin sa alama," in ji Hajiya, "ko tsinke ne."

A hanya ya sayi ɗan zare mai tuntu na sa alama. Da ya kai gida ya hango ta ta taga, zaune a kujerarta da wani baƙin littafin, ta ci rabin farcenta. Ya dunƙule makullan a tafinsa don kada su yi ƙara, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙudurta sai ta gama babin.

Bai yi minti ɗaya ba ya ji muryarta daga ciki.

"Ka shigo mana, na ji tafiyarka tun daga kwanar layi. Na riga na lanƙwasa."