Tagar Ɗakin Inna

Ina tsugune a rumfata a kasuwa, muna ciniki da wata mata a kan rigar yara, sai Mai Robobi, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta miƙo mini wayarta.

"Karɓi. Maƙwabciyarki ce, Mai Ɗinki. Ta ce ta kira taki ya fi sau goma."

Tawa wayar tana cikin jaka, jakar kuma tana ƙarƙashin dilar gwanjo.

"Ke kina ina?" in ji Mai Ɗinki. "Hayaƙi ne ke fita ta ƙasan ƙofarku! Ina makulli?"

Na shafa bakin zanina. Yana nan a ƙulle, inda nake ɗaure shi kullum. Shi kaɗai ne makullin gidan.

Na ce, "Inna fa?"

"Tana ciki mana! Ina za ta je, ba ke kika rufe ta ba?"

Inna mahaifiyata ce. Shekara uku ke nan da tsufa ya taɓa mata kai. Ba ta gane ni, baiwar Allah take ce mini. Tana da wani ɗan matashin kai da take naɗewa a zani, ta ce jaririyarta ce. In na ce mata, "Inna, ai ni ce jaririyar taki, ni kaɗai kika haifa," sai ta kalle ni sama da ƙasa ta kwashe da dariya. "Ke? Ƙatuwa da ke? Da wane bayan zan goya ki?"

Ba don mugunta nake rufe ta ba. In ta ga ƙofa a buɗe, ficewa take yi. Da can ina barin makulli wajen Mai Ɗinki, har ranar da Inna ta yi mata daɗin baki ta buɗe mata, wai za ta sha iska. Sai da muka yini muna nema, aka tsince ta a bakin babban titi ba takalmi. Tun ranar na karɓe makullina. Mai Ɗinki ta ce, "Ki bar shi nan, saboda halin rana." Na ce mata a'a, na ga halin ranar.

Na tare mai babur, ban ko tambayi kuɗi ba. Sai da muka hau hanya abin ya faɗo mini a rai. Dutsen guga.

Ni gwanjo nake sayarwa, kuma gwanjo in ba a goge shi ba, ba ya kuɗi. Kullum da safe nake shimfiɗa bargo a tsakar falo in goge kayan da zan fita da su. Ranar ina cikin guga aka ɗauke lantarki. Na yi tsaki, na kwashi waɗanda na goge, na fita da sauri don kada in rasa masu sayen safe. Dutsen yana kife a kan bargo. Ban zare shi daga soket ba. A raina ai babu lantarki, mene ne zai ci? Gefensa dila biyu ce ta kaya, jingine da labule.

Na dafa kafaɗar mai babur. "Malam, an dawo da lantarki a unguwarmu?"

"Tun ɗazu. Ba ki ji kiɗa na tashi a shaguna ba?"

"Don Allah ƙara gudu."

"Hajiya, in na ƙara sai mu isa asibiti, ba gida ba."

"Uwata ce a cikin wuta."

Ya ƙara gudu. Ya bi ta tsakanin motoci, gwiwata na gogar ƙarfe, ban ji zafi ba sai washegari.

Tun daga bakin lungu na ga hayaƙin, baƙi ƙirin. Motar kashe gobara tana tsaye a titi, lungunmu ya yi mata kaɗan, suna ta jan tiyo bai kai ba. Maza sun taru a ƙofarmu suna dukan kwaɗo da dutse da guduma.

Maigidana mai walda ne. Shekarar da ɓarayi suka shiga mana, ya yi rantsuwa ba za su ƙara ba. Shi ya ƙera ƙofar da hannunsa, ya yi wa kwaɗon wani ɗan akwatin ƙarfe yadda guduma ba za ta same shi ba. Tagogin ya sa musu rodi mai kaurin babban yatsa, ya binne bakinsu cikin siminti. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa. "Ja ka ji," yake cewa. "Ɓarawon da zai shiga nan ba a haifi kakarsa ba."

Na tsaya ina kwance makulli, ƙullin ya ƙi. Sau biyu nake ɗaure shi don kada ya faɗi a kasuwa. Na sa haƙori. Wani mutum ya fizgi bakin zanin ya yage shi, ya naɗe hannunsa da jiƙaƙƙen tsumma, ya buɗe. Ƙofar na buɗuwa wutar ta yi wani irin gurnani ta turo kai waje, kowa ya ja baya. Falon gaba ɗaya ya kama. Ba mai iya taka ƙafa ciki.

"Ta baya!" wani ya ce. "Mijinki yana ta baya!"

Ɗakin Inna shi ne na ciki, tagarsa tana kallon lungun baya. Can na same su. Mai Ɗinki ta hau kan bokiti, ta zura hannu ta cikin rodi tana riƙe da hannun Inna. Ita ce ta lallaɓa ta tun farko ta tura ƙofar da ke tsakanin ɗakin da falo, ta cusa zani a ƙasanta. Wannan ƙofar katakon ce kaɗai ke tsakanin Inna da wutar.

Maigida ya zo da injin yankan ƙarfe, amma an katse lantarkin layin saboda gobarar, injin ya zama banza. An tafi shago ɗauko janareta. Kafin nan zarto ne a hannunsa, yana ta gurzar rodin. Gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Uku zan cire," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Uku sun isa ta fito. Ki riƙe mini ita a nan. Ki yi ta mata hira, kada ta matsa."

Mai Ɗinki ta sauka, na hau bokitin. Na kama hannun Inna. Hayaƙi na fita ta saman kanta, tana tari, amma fuskarta ba tsoro.

"Baiwar Allah, ke ce?" in ji ta. "Wa ya ɗora girki ya manta? Matan yanzu ba ku da hanci."

"Ni ce, Inna. Yanzu za a sauke. Sa wannan tsumman a hancinki."

Ta leƙa ta ga Maigida. "Wannan kuma wane ne yake yanka mana taga da rana tsaka? Kai, ɓarawo! Ko kunya babu?"

"Surukinki ne, Inna," in ji shi, yana haki. "Yau sata na zo yi. Ke zan sace."

"Ka makara, yaro. Da ka zo ina da haƙora."

Har wasu suka yi dariya, irin dariyar da ke fita ba a shirya ba. Rodi na farko ya yanke ta ƙasa. Maza uku suka kama suka lanƙwasa shi sama. Ya koma kan na biyu. Bakin zarton ya karye. Aka ruga nemo wani. Ina jin ƙofar katakon tana ƙara a bayan Inna, ƙas, ƙas, fentinta yana kumbura.

An kawo wani zarton, na biyu ya kai rabi, sai Inna ta waiga ta dubi gadonta.

"Ina jaririyata?"

Da safe tana barci na zare matashin daga gefenta don in canja masa zani, ya yi datti. Na ajiye shi a kan kujera a falo. Da aka ɗauke lantarki na fita ban mayar ba.

"Inna, tsaya nan. Kalle ni."

"Ba ta kan gado. Tana falo. Hayaƙin nan zai shaƙe mini yarinya."

Na sha juya wannan wurin a raina. Da na ce mata jaririyar tana wajen Mai Ɗinki, an ɗauke ta ana mata wanka, da ta yarda, don ta sha yarda da abin da bai kai wannan ba. Amma ban yi ƙarya ba. Abin da ke bakina kullum shi ya fito.

"Inna, ni ce jaririyar! Ga ni a waje, ba abin da ya same ni! Ni ce!"

Ta dube ni. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Baiwar Allah, sakar mini hannu. Ke ba ki haihu ba ne?"

Mai Ɗinki ta gane, ta ruga gidanta ɗauko matashi. Na riƙe Inna da hannu biyu, rodin yana cin fatata. Tsohuwar da sai na taimaka mata take ɗaga kofi, ban san inda ta samo ƙarfin nan ba. Ta murɗe hannunta, awarwaronta ya zame ya rage a tafina. Na ga ta janye zanin da ke ƙasan ƙofar, a hankali, kamar mai gudun tada barcin wani. Ta buɗe.

Zafin da ya fito ta tagar ya jefar da ni daga kan bokitin.

Janareta ya iso bayan wannan da kaɗan. Injin ya cinye rodin biyu kafin a ƙirga hamsin. Maigida ya shiga da jiƙaƙƙen bargo a ka, ya fito da ita. Har yau hannunsa na dama ba ya dunƙulewa sosai. Inna ta cika a mota kafin mu kai asibiti.

Mai Ɗinki ba ta taɓa ce mini komai a kan makullin ba. Ni na matsa mata, bayan wata biyu, na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce lokacin da ta fara jin ƙauri ta leƙa ta tagar falo, bargon kaɗai ke ci. Da tana da makulli, da bokiti ɗaya ya isa.

Mun gyara ɗakunan, muna ciki har yanzu. Makulli uku ne yanzu, ɗaya yana rataye a ƙusa a shagon Mai Ɗinki. In an ɗauke lantarki, ko cokali ne a bakina, sai na tashi na zare komai daga bango. Maigida ya daina cewa baƙi su ja su ji. Ya bi tagoginmu ya yanke rodin, ya mayar da su masu buɗewa kamar ƙofa, da sakata daga ciki. Ya yi wa gidaje bakwai a lungunmu haka, bai jira sun roƙe shi ba.

Ya ce mini sakatar in ba a taɓa ta, tsatsa za ta kama ta. Shi wata-wata ya ce. Ni kullum da safe, kafin in ɗauki kayan kasuwa, nakan shiga ɗakin Inna. Ba mai kwana a ciki. In zare sakatar, in tura rodin ya buɗe har ƙarshe, in ɗiga masa ɗan mai, in mayar in rufe.