Jinkar Inna Nagode

A shekarar da aka tsare Gulbin Sakkwato a Bakolori, ruwa bai zo Tungar Dunya da gudu ba. A hankali ya zo. Yau ya ci gonar albasa, jibi ya ci ta taba, har ya iso gindin kukar bayan gari. Mutanen tunga sun shekara biyu suna jin labari. An zo an shafa wa bangayensu jan fenti, an nuna musu tudun da za su koma ta wajen Maradun, amma ba wanda ya yanki shucin rufi ko dami ɗaya ya ajiye. Kullum a ƙofar masallaci magana ɗaya ce: ruwan da bai kawo nan ba zamanin kakanni, ba inji ne zai kawo shi ba. Sai da ɗari ya kankama, fadamar da ake yankan ciyawar ɗaki ta nutse, sannan dattawa suka daina gyaɗa kai, kowa ya shiga neman igiya.

Tun da babu sabon shuci sai bayan wata damina, tsohuwar jinka ta zama dukiya. Ba a kwance ta, don bunun da ya sha hayaki da an taɓa ɗaurinsa sai ya zube kamar gari. Ɗungum ake ɗaukar ta. A yi gayya, maza su kewaye ɗaki, su ɗaga ta daga kan bango, su shiga ƙarƙashi da gammo a ka, sai ka ga rufin ɗaki yana tafiya a hanya da ƙafafu ashirin.

Zubairu ya ɗauki jinka goma sha tara a wannan ɗari. Ƙato ne mai ƙarfin wuya, ba ya kuma iya cewa a'a. Abin da bai lissafa ba shi ne, duk wanda aka kai wa tasa, can yake zama kan tudu yana faman kwaɓa da kafa darni. Da aka zo kan ɗakin mahaifiyarsa, Inna Nagode, ya kira gayya, mutum takwas suka zo, har da shi da wansa Maiwada.

Jinkar kuwa ba ta mutum takwas ba ce. Mahaifinsu ne ya ɗaura ta da gora mai kauri shekarar da aka haifi Maiwada, aka yi ta ƙara mata shuci bisa shuci. Cikinta ya yi baƙi wul da kunkunniya yana sheƙi. A ƙarƙashinta Zubairu ya san ɗari tun yana ƙarami: kaskon wuta a tsakar ɗaki, dankali a cikin toka, hayaki yana bi ta ciyawa ya fita ya bar ɗumi. Yanzu Inna ta tsufa, tana da tarin da sanyi ke tayarwa. An kai ta ɗakin kwano na Maiwada a kan tudu ta kwana biyu, kwanon ya yi ta zubo mata sanyi, da aka hura wuta hayaki ya rasa mafita ya shaƙe ta. A kan jaki aka maido ta tana numfashi da ƙyar. Zubairu ya gina mata zagayayyen bango a can, ya bushe, rufi kawai yake jira. Hanyar tudu kuma ta bi ta wani kwari da ruwa ya riga ya kai gwiwa. Kowa ya san gobe ko jibi ba mai tsallake shi da kaya a ka.

Da hantsi suka gwada. Suka yi bisimilla, suka ɗaga, jinka ta motsa ta gefe ɗaya ta koma ta zauna.

Maiwada ya yar da gammo. "Kai Zubairu, wanga abu ba ya ɗaukuwa. A sai mata bargo biyu, ta zauna cikin kwanon. Allah na nan."

"Allah na nan sadda taz zauna kwana biyu, ka ga yadda taƙ ƙare."

"To mi kake so mu yi? Mu haihi mutane?"

Inna Nagode tana zaune a kan turmi a rana, ta lulluɓe da gwado har ka. Ta yi tari, ta ɗaga sandarta ta nuna wajen tsohuwar kasuwa, inda wani siririn hayaki ke tashi.

"Waɗancan ba mutane ba ne?"

Unguwar mahauta ce, gidan Balarabe Sarkin Fawa da 'ya'yansa da ƙannensa. Manoman tunga suna cin namansu ranar kasuwa, suna kiransu yankan ragon suna, amma ba a kiransu gayya, ba a kuma zuwa tasu. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili, haka aka taras, kuma a Tungar Dunya "haka aka taras" ta ishi mutum hujja har kabari. Jinka goma sha tara ta wuce ta ƙofar Balarabe, ba a tsaya an tambaye shi yadda zai yi da nasa ɗakunan ba.

Maiwada ya rage murya. "Inna, mi mutane za su ce?"

"Su ce tsohuwa ta kwana da rufi."

Zubairu ya tafi, ƙafarsa tana nauyi. Ya taras da Balarabe yana ɗaure ƙiraren rumfa a kan amalanke, tsoho gajere mai faɗin ƙirji. Suka gaisa doguwar gaisuwa, lahiyar gida, lahiyar sanyi, lahiyar tashi. Zubairu ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a ƙasa.

Balarabe ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tukur! Zo ka ji. Yau manoma sun gano muna da wuya." Babban ɗansa ya leƙo daga zaure. "Ɗan Nagode, ba ka tsoron mu shahwa ma jinkar kitse?"

"Sarkin Hwawa, na san ban da bakin magana."

"Ba ka da shi kam." Ya nuna bayansa. Ɗakuna uku ne a tsaye da rufinsu. "Mu bakwai ne. Mun gwada ta uwar Tukur shekaranjiya, ta hi ƙarhinmu. Matana na can bisa tudu cikin zana da hwatu. Kullum kuna wucewa kuna waƙa."

Balarabe ya daɗe yana kallon ruwan da ke walƙiya bayan kuka.

"Gwaggo Nagode ta ba ni hura a ƙoƙonta na sha, shekarar yunwa, ba ta kuma wanke shi a gabana ba. Ku taso, ku ɗauko gammo."

Mutum goma sha biyar suka kewaye ɗakin. Wannan karon jinka ta rabu da bango da wani nishi, ɓeraye biyu suka faɗo, rana ta shiga ɗakin Inna karon farko. Zubairu ya ga gadon ƙasa, da gurbin tulu, da layukan da mahaifinsu ya zana a bango yana auna tsawonsu. Duk ƙanana suka zama a cikin haske. Ya kawar da kai.

An kawo jaki, Inna ta ƙi hawa. Ta sunkuya ta shiga tsakiyar jinka, ta ce nan iska ba ta samun ta. Haka suka fita daga tunga, maza a kewaye, tsohuwa a tsakiya tana dogara sanda, Kaltumi matar Zubairu a baya da kaskon garwashi a kan faifai. Suka wuce masallacin da aka cire wa ƙofa, da rijiya, da dandalin da 'yan mata ke gaɗa bayan girbi. Daga ƙarƙashin jinka ba a ganin komai sai ƙasa da ƙafafu, amma Inna tana kiran sunan kowane wuri da sun taka shi.

"Nan gidan su Taibatu ne. Nan aka ɗaure doki ran aurena. Ku yi dama, akwai kututture."

A kwari ruwa ya wuce gwiwa, sanyinsa kamar yanka. Tukur ya ba wani gefensa, ya goya Inna ya tsallake da ita. A tsakiya ƙafar Maiwada ta zame, jinka ta karkata, bakinta ya kusa shan ruwa. Balarabe ya sa kafaɗa ya tare yana ihu: "Riƙe, manomi! Sa nika kayarwa ni kaɗai, ciyawa za ta gagare ku?" Dariya ta kama su a cikin ruwan, suka miƙe, suka haye.

Azahar ta yi suna kan tudu, wuri mai tsakuwa, ba itace ko ɗaya. Mutanen tunga suka fito suna kallon masu ɗaukar, ana 'yan ƙus-ƙus. Aka ɗora jinka a kan sabon bango, ta zauna daram. Inna ta shiga, ta kira Kaltumi ta kawo wuta.

Balarabe da mutanensa suka sha ruwa a tsaye, suka juya. Zubairu ya dubi rana, ya ɗauki gammonsa.

"Ina zuwa kuma?" in ji Maiwada, yana matse wando.

"Saura ukku na Sarkin Hwawa. In mun yi sauri mu samu guda kahin ruwa shi rufe."

"Kai dai ba ka jin magana. Wuyanka ne."

Zubairu ya dubi sauran manoma shida. Biyu suka tuna suna da kwaɓa tana bushewa. Ɗaya ya shiga gyaran takalmi. Uku suka tashi.

Da suka kai gangare Zubairu ya waiwaya. Hayaki ya fara fitowa ta kan jinkar Inna, siriri, yana bin ciyawa. Tukur ya dafa shi ya ce su ƙara sauri, ta tasa uwar za a fara ɗauka, kuma gara ya sani tun yanzu, ta fi wannan nauyi.