Allurar Mai

Wata uku bayan Fulgencio ya fasa auren Yesenia, sai ga shi a garejinta, allurorin da ke nuna mai da gudu a gaban motarsa duk sun kwanta.

"Gwanata, taimaka mini. Gobe zan kai amaryata ƙauyenmu."

"An gama, ango."

Waya ɗaya ce ta yi tsatsa, tana kankare ta allurorin suka farka. Amma zuciyarta tafasa take, kuma ta san hanyar ƙauyen nan babu gidan mai. Ta lanƙwasa ƙarfen da ke auna mai a tanki, allura ta nuna cike, alhali saura kaɗan.

"Ashe tankina fal yake!" in ji shi.

"Ka yarda da ita," ta ce, "yadda na yarda da kai."