Ɗaki Mai Taga Goma Sha Biyu

Ranar da likita ya tabbatar tarin fuka ne ke cin mijinta, mai wanki ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Likitan ya ce, "Magani kyauta ne. Amma ki ware masa ɗaki mai iska, kada yara su kwana kusa da shi."

Ta ce to. A gidan da take yi wa wanki, karnuka ma ɗakinsu daban. Ita kuwa su shida ne a ɗaki ɗaya, tagar kamar ramin ɓera, autarta kuma ba ta barci sai a ƙirjin ubanta. Haka tarin yake yi a layinsu: ya kama mutum ɗaya, kafin shekara ya zagaye katifa.

Da ta dawo gidan haya ta tarar da maƙwabcinsu bakanike a bakin famfo, tsoho mai saurin fushi, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ya ga idonta ya yi ja, ya tambaye ta lafiya. Ta gaya masa.

"Uwar yara, ba ni kwana biyu," ya ce, ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

A bayan garejinsa akwai wata bas da ta shekara bakwai ba ta motsa ba, kaji na ƙwai a ciki. Ya kori kajin, ya kwance kujeru, ya wanke ta tas, ya liƙe rufin da ke yoyo, ya buga raga a tagogi saboda sauro.

Mijin ya shiga yana haki, ya ƙirga tagogin. "Baba, tunda aka haife ni ban kwana a ɗaki mai taga goma sha biyu ba."

"To kada ka saba," in ji tsohon.

Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa jikin bas ɗin da sifana, ba ya tafiya sai ya ga ƙwayoyin maganin sun wuce maƙogwaron mijin. Yaran kuwa daga nesa suke tsayawa, suna ba ubansu labarin makaranta.

Da mijin ya warke ya koma ɗaki, aka gwada yaran, ko ɗaya bai kamu ba. Mai wanki ta je yin godiya ta tarar da tsohon yana shanya katifar bas ɗin a rana. Matar wani kafinta a layinsu ta fara tari, ya ce, su kuma su takwas ne a ɗaki. Ta ajiye mayafinta, ta ɗauki tsintsiya ta shiga bas ɗin.