Jinyar Guza a Gidan Jinadasa

Ni ba na shiga maganar mutane, amma katangarmu da gidan Jinadasa gajera ce, kunnena kuma lafiyarsa lau.

Akwai wani guza a magudanar ƙauyenmu, tsawonsa ya kusa na mutum, baƙi mai ɗigon rawaya. Tun muna yara aka hana mu taɓa irinsa, don shi ke cinye ƙaguwar da ke huda kunyoyin da ke riƙe ruwa a gonar shinkafa. Ranar da ya sha ƙwan agwagin Jinadasa, mutumin ya manta da wannan, ya rafka masa ƙotar fartanya a ƙafa.

Matarsa Dingiri ce ta lulluɓe guzan da buhu, ita da ƙanwarta suka ja shi zuwa tsohon kwamin wanka a bayan gida, yana huci yana zabga musu wutsiya. Jinadasa ya rantse ba zai ko leƙa ba.

Sai shinkafarsa ta yi ciki, lokacin da ba ta jure ƙishi. Ya cika gona da ruwa da safe, kafin yamma ya zurare ta ramukan ƙaguwa. Ya toshe nan, can ya ɓulle. Abincinsu na shekara ke nan.

Guza kuwa ya ƙi ci. Dingiri ta kai masa kan kifi, ya zaro harshensa mai baki biyu ya mayar. Na ce mata ta katanga ai jikinsa sanyi ne, sai rana ta gasa shi yake jin yunwa. Ta yaye ganyen kwakwar da ta rufa masa, ta bar masa ruwan da zai nutse ciki. Da ya sha hantsi ya haɗiye kifi, amma ƙaguwa ya fi so.

Wa zai kamo? Na hango Jinadasa durƙushe cikin laka, hannu a rami, guga a gefe.

"Ƙanena, an ba ka aikin guza ke nan? Wutsiya kawai ta rage maka."

"Yaya Podihami, ki je ki tauna ganyenki," ya ce, yana nufin ganyen da muke taunawa kamar goro, yana tsotsar yatsan da ƙaguwa ta datse masa.

Haka ya yi ta ciyar da wanda ya rafka, har na ji shi yana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa. Ya ce wai tari yake yi.

Da ƙafar ta fara taka ƙasa, shi da kansa ya kwantar da katako a bakin kwamin ya ja baya. Guza ya sauko yana ɗingishi, ya bi ta tsakiyar agwagi bai kalle su ba, ya faɗa magudana.

Gefen gonar na gabas ya riga ya ƙone. Sauran gonar kuwa ruwa ya zauna mata, zangarniya ta sunkuya. Dingiri ta ce in zo ranar yanka, in zo da laujena.